Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Sheda da Kwali Na Buƙatar 'Yan Jagora

Shekara 22 ke nan ina zaune a Sheda, tun lokacin da aikin koyarwa ya ɗauko ni daga Zariya ya ajiye ni a bakin wannan titi da ya tashi daga Abuja ya nufi Lokoja. Kullum safiya idan na fito ƙofar gida, motoci ne ke ta wucewa ba ƙaƙƙautawa: tireloli, bas-bas na 'yan kudu, da manyan motocin masu hannu da shuni. Wanda ya tsaya a cikinsu, ko doya zai saya ko taya ce ta yi masa faci. Da ya gama sai ya ƙara gaba, bai san ƙasar wa ya taka ba, balle abin da ke cikinta.

Na daɗe ina ganin haka ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ɗan ƙanwata ya kawo mini ziyara a ranin da ya wuce. Yaron yana aiki a Turai, ya zo wani taro Abuja tare da abokin aikinsa, suka kwana a wurina. Da daddare muna shan shayi ya buɗe waya yana nuna mini hotunan wani tsibiri na ƙasar Girka da ake kira Santorini. Fararen gidaje ne jere a kan gaɓar dutse, ga rufin majami'u shuɗaye, teku kuma shimfiɗe a ƙasa. Na ce masa lallai wuri ya yi kyau. Ya ce, "Kawu, kyan wurin da na manta da shi tuni. Abin da ya zauna mini a rai shi ne matar da ta zagaya da mu."

Ya ba ni labari cewa su huɗu suka haɗa kuɗi suka ɗauki 'yar jagora da mota na rabin yini. Cikin awa huɗu ta kai su bakin ramin da dutse mai aman wuta ya bari lokacin da ya fashe kimanin shekara 3,600 da suka wuce, ta kai su Akrotiri, tsohon garin da toka ta binne har aka fara tono shi a 1967, ta shigar da su wani ƙauye suka ci abinci a ɗan ƙaramin shagon wani dattijo. Duk inda suka tsaya tana da abin faɗa, duk tambayar da suka yi tana da amsa. A ƙasar tasu, in ji shi, mutum ba ya tashi haka kawai ya ce shi ɗan jagora ne a wuraren tarihi. Sai ya yi karatu, hukuma ta ba shi lasisi.

Sai ya ajiye kofi ya tambaye ni: "To Kawu, mu a nan me za ka nuna mana gobe kafin azahar?"

Washegari da ƙarfe 7 muka fita a motar wani maƙwabcina. Ba mu yi nisa ba na nuna musu allunan da suke bakin titi. Ga Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda ake kira SHESTCO, inda akwai na'urar da ake haska wa amfanin gona irin su doya da albasa wani irin haske don kada su tsira ko su ruɓe da wuri. Ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Ga hedikwatar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar da 'ya'yanmu suke karantawa a firamare da sakandare a duk faɗin Najeriya. Abokin ɗan nawa, wanda Bayarabe ne, ya riƙe baki. Ya ce ya yi shekaru yana bin wannan hanya zuwa gida, bai taɓa sanin cewa a wannan ɗan gari ake tsara abin da aka koya masa a aji ba.

Daga nan muka wuce Kwali, muka ratse zuwa wani ƙauye inda na san wata tsohuwa maginiyar tukwane, kakar wani ɗalibina. Mun same ta a inuwar mangwaro, ta ɗora curin yumɓu a kan wani fasasshen kasko. Na gaishe ta, "Sannu da aiki, Mama." Ta amsa, "Malam, yau da baƙi kake tafe?" Ba ta tsayar da hannu ba. Ta dunƙule hannu ta huda tsakiyar yumɓun, ta shiga jawo gefensa sama da yatsu. Tukunyar tana wuri ɗaya, ita ce ke zagaya ta, a sunkuye, taku bayan taku, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa a baki tana shafewa. Babu inji, babu awo, amma kafin mu shanye ruwan da aka kawo mana cikin randa ya fito, zagayayye kamar ƙwarya. Ta ɗauki ɗan tsumma jiƙaƙƙe ta gyara bakin, sannan ta mirgina wata 'yar tufkakkiyar igiya a wuyan randar, sai ga ado ya fito jere. Ta nuna mana inda ake tara ciyawa da itace a gasa su a fili, da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa da ake yayyafa musu da zafinsu don su yi duhu su yi ƙarfi. Yaran nan biyu, masu digiri a kan digiri, suka tsuguna a ƙasa suna kallo ko ƙyaftawa ba sa yi.

A nan na zaro takardar naira 20 daga aljihu na ce su juya bayanta. Matar da ke sunkuye a kan tukunya a jikin kuɗin nan 'yar wannan ƙasa ce, Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini a hannun gwaggonta kamar yadda 'yan matan Gbagyi suke koya. Tulunanta da randunanta, masu zanen ƙadangare da kada da kunama da hawainiya da kifi, sun yi kyan da har Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara su a fadarsa. A can wani Bature maginin tangaran, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar koyar da ginin tangaran a Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, a 1952, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Aka baje kolin aikinta a Landan, ta je Ingila da Jamus da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a. Ba ta yi karatun boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984. A gaban takardar kuma hoton Janar Murtala Muhammad ne, wanda gwamnatinsa ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairun 1976. Tarihin wannan yanki ne gaba da baya a takarda ɗaya, muna ta miƙa wa mai ruwan leda ba mu taɓa dubawa ba.

Muka sayi tulu biyu da kasko, muka juyo ta Gwagwalada da Zuba har Madalla, inda Dutsen Zuma yake tsaye da fuskar nan tasa mai kama da ta mutum, wanda shi ma aka buga hotonsa a takardar naira 100. Daga can muka shiga Suleja. A ƙofar fada na ba su labarin da ya shafe ni a matsayina na Bazazzagi: yadda jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya yo kudu da jama'arsa, yadda ƙaninsa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka kira shi da sunansa, da yadda garin ya sallama wa sabon birnin tarayya sunan Abuja ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ake kiranta. Muka yi sallar azahar a can, muka ci tuwo, muka kamo hanyar gida. 

A mota abokin ɗana ya ce da za a sayar da irin wannan zagaye a otal-otal ɗin Abuja, da shi ne na farkon biya. Maganar ta tsaya mini a zuciya, domin na san iyakar abin da na ba su. Ba na jin Gbagyi, saboda haka duk abin da tsohuwar nan ta faɗa wa jikarta tana dariya ya wuce mu. Ban san sunan kowane zane a harshensu ba, ban san inda suke haƙo yumɓu ba, ban san abin da dattawan Madalla suke faɗa game da Zuma ba sai ɗan abin da na tsinta. Da a ce ɗan ƙasar ne ya ja mu, wanda aka koya masa aikin, da abin da baƙin nan za su tafi da shi ya ninka haka.

Ra'ayina ke nan. Wuraren gani muna da su. Baƙi ma muna da su, domin Abuja ba ta rabuwa da masu zuwa taro, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da 'yan makaranta, da iyalan da suke neman inda za su kai yara ranar Asabar. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutumin da zai tsaya tsakanin baƙo da wuri ya buɗe baki ya yi bayani. Dutse ba ya magana, tukunya ba ta ba da labarin wadda ta gina ta. Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari, kuma sana'ar ɗan jagora ke nan gaba ɗayanta.

Wannan sana'a ba ta neman jari mai yawa. Ba sai an gina otal mai hawa goma ba, ba sai an ba da kwangilar biliyoyi ba. Mota mai lafiya, waya, sani, da gaskiya. Kuɗin da baƙo zai kashe a rabin yini kuwa hannu da yawa zai shiga: direba, ɗan jagora, maginiyar tukwane, mai abinci, mai sayar da doya a bakin titi. Na koyar da ɗaruruwan yara a wannan yanki da suke jin Gbagyi da Hausa da Turanci kamar ruwa, wasunsu har da Bassa. Da yawansu yau acaba suke yi a Gwagwalada da takardun digiri a ƙarƙashin katifa. Harsuna ukun nan da suke ɗauka ba komai ba, su ne babban jarin wannan aiki.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsaro. Gaskiya ne, wannan yanki ya ga satar mutane, kuma wanda ya ce babu fargaba ya yaudari kansa. Amma wannan hujja ce ta neman ɗan jagora. Ɗan gari shi ya san ƙauyen da ake shiga da wanda ake dakatawa, shi ya san mai unguwa da 'yan banga, shi zai ce a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Zagayen rabin yini, da rana tsaka, a kan manyan hanyoyi, shi ne daidai da halin da muke ciki.

Wasu kuma da sun ji an ce yawon buɗe ido sai tunaninsu ya tafi kan shaye-shaye da tsiraici. Ni abin da na gani a ranar nan shi ne samari biyu tsugune a gaban tsohuwa suna koyon girmama aikin hannu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma addininmu ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa don mu lura mu ɗauki darasi. Wanda ya tsara zagayen shi ke shata masa iyaka. Ɗan jagora na gari shi zai ce wa baƙo kada ya ɗauki hoton mace sai da izininta, kada ya taya tukunyar da aka kwana uku ana yi da kuɗin da bai kai na lemon kwalba ba. Shi zai gaya wa ɗan'uwana Bahaushe cewa mutanen nan sunansu Gbagyi, kuma yadda muke jefa kalmar Gwari cikin raha yana yi musu ciwo. Santorini ma darasi ce ta wannan fuska: tsibiri mai mutum wajen 15,000 yana karɓar baƙi miliyoyi a shekara, har cunkoso ya sa gwamnatin Girka ta ɗora haraji a kan masu sauka daga manyan jiragen ruwa. Mu da muke farawa muna da damar tsara abin tun ran gini, tun ran zane.

Saboda haka ina kira ga Ƙaramar Hukumar Kwali da fadar Etsu Kwali su zauna da Jami'ar Abuja da ke nan Gwagwalada, da NIHOTOUR, cibiyar gwamnati mai horar da ma'aikatan baƙunci da yawon buɗe ido. A zaɓi matasa ko da 20 ne, maza da mata, a koya musu tarihin ƙasarsu, da ladabin karɓar baƙo, da taimakon gaggawa, a ba su katin shaida. A yanke farashi sananne, a ware kason masu ginin tukwane a ciki. Cibiyoyin kimiyya na Sheda su sa rana ɗaya a wata da za su buɗe ƙofa ga 'yan makaranta. Abin da ya fi gaggawa kuma, a tura matasan nan wurin tsofaffi da na'urar ɗaukar murya tun suna raye. Maginiyar da muka ziyarta ta haura shekara 70, kuma cikin jikokinta mata ɗaya ce kawai take zama kusa da ita idan tana aiki.

Kai kuma mai karatu, idan hanya ta biyo da kai ta Sheda, kada ka tsaya a kan doya kaɗai. Ka nemi ɗan gari, ka ba shi awa huɗu na lokacinka, ka biya shi haƙƙinsa da daraja, ka sayi tulu ɗaya a hannun wadda ta gina shi.