Tabar Habana: harshe ke auna ta, ko aljihu?

A farkon watan Maris na shekarar 2023, a birnin Habana na ƙasar Kuba, an yi gwanjon wani akwatin katako da aka shaƙe da ɗaruruwan kararen taba samfurin Cohiba, aka sallama shi a kan yuro miliyan 4 da dubu 200. In aka juya shi a kuɗinmu na sefa, ya haura miliyar 2 da miliyan 700. Akwati guda fa, jama'a, na abin da za a cinna wa wuta ya koma toka. Mai karatu na iya cewa to mu ina ruwanmu da shagalin masu hannu da shuni na wata nahiya? Ruwanmu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin wannan ciniki, wadda duk wanda ya taɓa taya kaya a kasuwa ya san ta: shin kyan abu ake biya, ko sunansa? Ni dai a ganina, a wannan harka kyau da kuɗi sun daɗe da raba hanya, kuma masu ɗanɗanon tabar da kansu ne suka ba da shaidar haka.

Tabar da ake magana a kai ba sigarin nan ba ne da ake sayarwa kara-kara a bisa tebur. Ita ce mai kaurin nan da Faransawa ke kira «cigare», wadda ake gani a bakin Churchill ko Fidel Castro a tsofaffin hotuna. Babu takarda a jikinta, babu audugar tacewa, ganye ne zalla tun daga ciki har waje, kuma da hannu ake naɗa ta. Wadda ta fi suna a duniya daga yammacin Kuba ganyenta yake fitowa, a jihar Pinar del Río, a wani yanki da ake kira Vuelta Abajo.

Kafin in ce komai a kan kuɗi, sai in ba mai haƙƙi haƙƙinsa, domin aikin da ke cikin kara guda ba wasa ba ne. Ganyen da za a yi rigar waje da shi a ƙarƙashin rumfar ƙyalle mai shara-shara ake noma shi, don kada rana ta ƙona shi ya yi kaushi. Na ciki kuwa a rana yake tashi, kuma ko a jikin shuka guda ganye iri-iri ne: na ƙasa ba ya da ƙarfi amma shi ke riƙe wuta, na tsakiya shi ke ba da ƙamshi, na can sama wanda ya fi shan rana shi ke da ƙarfi da yaji. Bayan an tsinke, a rataye shi a rumbunan shanya kamar kwana 50, sa'an nan a tara shi tuli-tuli a yayyafa ruwa ya ɗau zafi da kansa har gafinsa ya fita, sa'an nan a ɗaure a ajiye, wani har shekara 2 ko fiye. Sai ya iso hannun masu naɗi, waɗanda yawancinsu mata ne, da allon katako da ƴar wuƙa mai lanƙwasa da ɗan ƙaro na liƙi. Tun 1865 akwai al'adar ɗaukar wani mutum ya zauna a gaban zauren yana karanta masu jarida da littattafai da babbar murya suna aiki, kamar dai gidan rediyo tun kafin a ƙirƙiro rediyo. Ana ma cewa samfurin Montecristo, da aka fito da shi a 1935, daga littafin Alexandre Dumas da masu naɗi suke son ji ya samo sunansa.

To yaya ake gane mai kyau? A nan ma akwai ilimi na gaskiya, kuma wanda ya taɓa kallon gwanin goro yana zaɓe ba zai sha wahalar fahimta ba. Da ido ake farawa: rigar ta zama sumul, launinta ɗaya, tana ɗan sheƙi kamar an shafa mata mai, ba manyan jijiyoyi, ba tsaga. Sai yatsu: a ɗan matsa karan daga sama har ƙasa, in an ji wani wuri ya yi tauri kamar icce to hayaƙi ba zai wuce ba, in kuma an ji rami to wuta za ta ci da sauri ta yi zafi. Sai hanci, tun ba a kunna ba. Warin da ke hawa kai kamar na fitsarin dabbobi alama ce ganye bai gama nuna ba, an yi gaggawar fito da shi. Sa'an nan a yanke kai, a zuƙa ba wuta don a ji ko iska na ratsawa. In an kunna, ana duba ko wutar na tafiya daidai a kewaye ko ta karkata gefe guda, da ko tokar na tsayawa ko tana zuba. Ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake juya shi a fesar, kuma kara guda na iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye. Masu abin na raba shi kashi uku, farko da tsakiya da ƙarshe, suna cewa mai kyau ɗanɗanonta na sauyawa a kan hanya. A nan ne za ka ji suna kiran ƙamshin gahawa, da fata, da barkono, da ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Wani lokaci kam zuzutawar ta yi yawa har ta ba da dariya, amma tushen abin gaskiya ne, kara mai toshewa ko mai ɗaci kowa zai gane shi.

Yanzu ga inda maganar take. A 1992 wani Ba'amurke mai suna Marvin Shanken ya kafa mujallar Cigar Aficionado, wadda ta zama kamar alƙalin wannan harka. Tsarinta shi ne a cire ƴar takardar nan mai ado da ke ɗaure a wuyan kara, wadda ke ɗauke da sunan kamfani, a liƙa farar takarda mai lamba kawai, sa'an nan a miƙa wa masu ɗanɗano su ba da maki a kan 100. Wato an rufe wa harshe ido. Tun 2004 mujallar ke fitar da gwarzuwar shekara, kuma ta farko ma ba ta Kuba ba ce, ta gidan Padrón ce da ake naɗawa a Nikaraguwa. Ta 2012, Flor de las Antillas, ita ma daga Nikaraguwa, kuɗinta bai kai dalar Amurka 10 ba a lokacin. Ta 2020, wadda Ernesto Perez-Carrillo ya haɗa a Jamhuriyar Dominikan, ta samu maki 98, a lokacin ana sayar da ita wajen dalar Amurka 11. Na Kuba ma sun ci, ba a hana su ba: Cohiba Behike a 2010, Montecristo mai lamba 2 a 2013. Amma a lura da kyau. Ita wannan Behike akwai wadda kara guda ya haura yuro 200 a shagunan Turai bayan 2022, fiye da jika 130 ke nan. Tazarar maki ɗaya ko biyu a harshe, tazarar ninki 20 a aljihu. Wane ɗanɗano ne zai iya bayyana wannan?

Ba na ce mujallar ma'asuma ce ba. Kamfanonin da take yi wa alƙalanci su ne ke biyan kuɗin talla a shafukanta, kuma da wuya ka ga an ba wata ƙasa da maki 80, kamar ajin da kowane ɗalibi ya ci jarrabawa. Duk da haka ƙa'idar cire suna ita ce abu mafi gaskiya a duk wannan sana'a, kuma sakamakonta bai yi wa masu tsada daɗi ba.

Sunan Habana kuwa siyasa ta taimaka wajen gina shi. A watan Fabrairu na 1962 shugaba Kennedy ya sa wa Kuba takunkumin ciniki, amma kafin ya sa hannu sai da ya tura kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa karare 1,200 na H. Upmann, kamar yadda Salinger ɗin ya ba da labari da kansa daga baya. Abin da aka hana shi ke ƙara daraja. Ita Cohiba a 1966 aka fara yin ta don Castro da baƙin da yake yi wa kyauta, ba a sake ta kasuwa ba sai 1982, ta fito da ƙamshin fada a jikinta. A gefe guda kuma iyalan da suka bar Kuba bayan juyin juya halin 1959 sun tafi da iri da sani, suka dasa a Nikaraguwa da Honduras da Dominikan. Ko Afirka na da hannu a ciki: ganyen riga da ake nomawa a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya na cikin waɗanda ake ji da su, gidan Arturo Fuente na naɗe wasu manyan samfuransa da shi, sai dai sunan manomin Baturi ba ya hawa kan akwati.

Kuma suna ba ya hana lalacewa. Zino Davidoff, ɗan kasuwar Janeba da ya yi shekaru yana sayar da tabar Kuba da sunansa, a 1989 ya tara fiye da karare dubu 100 ya banka masu wuta a bainar jama'a, ya ce ba su kai a sayar ba, daga nan ya kwashe aikinsa zuwa Dominikan. A ƙarshen shekarun 1990, da kasuwa ta buɗe, Kuba ta yi ta naɗi ba ji ba gani, masu saye suka yi ta kukan karare masu toshewa, har sai da aka shigo da injinan gwada zuƙa a masana'antu. Takardar wuya dai ba ta sauya ba a duk tsawon wannan lokaci.

Shekarar 2022 ita ta fi fito da abin fili. Kamfanin Habanos, mai sayar da tabar Kuba a ƙasashen waje, ya yanke cewa Cohiba da Trinidad za a sayar da su ko'ina a duniya bisa farashin Hon Kon, sai kuɗin ya ninka biyu, wasu uku, dare ɗaya. Ganyen jiya ne, hannun jiya ne. A watan Satumba na shekarar guguwar Ian ta rusa dubban rumbunan shanya a Pinar del Río, kaya suka ƙara ƙaranci, amma cinikin kamfanin ya tashi zuwa dalar Amurka miliyan 721 a 2023, ya kai miliyan 827 a 2024, ƙasar Sin kuma ita ce kan gaba wajen saye. Da yawa daga cikin akwatunan nan kyauta ake yi da su ko a ɓoye su a jira su ƙara kuɗi. Mai sayen da ba zai kunna ba, me ya dame shi da ɗanɗano? Shi ya sa jabu ya cika duniya. A titunan Habana ana tare baƙi da Cohiba a akwati mai murfin gilashi, alhali kamfanin bai taɓa yin irin wannan akwati ba, kuma in aka tsaga wasu kararen sai a tarar da sharar ganye. Ana saye, ana hura hayaƙi, ana yabawa.

Ko ta gaskiyar ma ba ta yafe sakaci. Tana son laima kusan kashi 70 cikin 100 da wuri mai sanyi, shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman, kamar yadda mai goro ke lulluɓe huhunsa da ganye yana yayyafa ruwa. Alhajin da ya sayo akwati a filin jirgi ya ajiye a falo a Damagaram cikin hunturu, kafin sati ya zagayo rigar ta tsattsage, abin da ya rage masa takardar wuya ce kawai.

Masu naɗin fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manomin Kuba dole ne ya sayar wa gwamnati mafi yawan ganyensa a farashin da ita ta yanka. Matsakaicin albashin ma'aikacin gwamnati a ƙasar a 2023 bai kai peso 5,000 a wata ba, wajen dalar Amurka 20 in aka canza a kasuwar bayan fage. Masu naɗi na samun ɗan ƙari a kan yawan aiki, amma ko an ninka masu, matar da ke naɗa karare wajen 100 a yini ba za ta iya sayen guda ɗaya na Behike da albashin wata ba. In da gaske kyan aiki ake biya, da an ga alamarsa a tukunyarta.

Akwai kuma abin da babu shi a takardar maki. Masu sha na kare kansu da cewa ai ba sa haɗiye hayaƙi, amma nikotin ɗin irin wannan taba ta fatar baki yake shiga jini, kuma babban kara guda na iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari sukutum. Likitoci sun daɗe da tabbatar da alaƙarta da ciwon daji na baki da maƙogwaro da maƙoshi, kuma mai maki 98 da ta jabu duk ɗaya suke a nan. Kuɗin gwanjon da ake yi a bikin Habana, wanda aka fara a 1999, hukumomin Kuba sun ce asibitocin ƙasar ake ba. Shi kuwa Castro, wanda don shi aka ƙirƙiro Cohiba, ya daina sha tun 1985, ya koma yana sa hannu a kan akwatunan gwanjo don kuɗinsu ya ƙaru.