Wa Ya Koya Mana Jin Kunyar Aminci?

Wani ra'ayi ya shigo mana ba sallama, ya samu wurin zama a majalisun samari daga Nguru har Gashuwa, yanzu ma har manya sun fara gyaɗa masa kai. Wai cikakken namiji ba ya nuna wa ɗan'uwansa namiji ƙauna a fili. Kada ya riƙe hannunsa a hanya, kada ya ce ya yi kewarsa, in za su rabu a tasha kada idonsa ya kawo ruwa. In kuwa aka ga maza biyu sun shaƙu, ci tare, fita tare, sai a fara ƙifta ido ana cewa da walakin. Ɗan sakandare yau fizge hannunsa yake yi daga na abokinsa, ya ce, "Kai, sakar ni, kada wani ya ɗauke mu a waya." Masu wannan ra'ayi sun ɗauka tarbiyya suke tsarewa, suna kare addini da al'ada daga ɓarnar Turawa. Ni kuwa na ce ɓarnar Turawan ce suka ɗauko da hannunsu suka shigo da ita gida.

A tambayi dattawan Nguru yadda garin ya cika. Tun da layin dogo ya iso daga Kano wajen 1930 ya tsaya a nan, baƙi suka yi ta kwararowa: Kanawa da Katsinawa, Yarbawa da Inyamurai, suka tarar da Mangawa da Badawa da Fulani. Gyaɗa, ƙaro, fatu, shanu da busasshen nama suna bin jirgi zuwa Kudu. Mafi yawan wannan ciniki a kan amana ya tsaya, tsakanin maza da ba su haɗa jini ba. Falke zai bar iyalinsa wata da watanni a hannun amininsa, ya bar masa mabuɗin rumbu. Aminin nan shi ake turawa neman aure, shi ne babban aboki ranar biki, shi ke zuwa biko in uwargida ta yi yaji, sunansa ake sa wa ɗa. Ranar da ta Allah ta kasance, shi ke shiga kabari ya karɓi gawa, washegari kuma marayu su ga hatsi ya shigo gida ba su san wanda ya aiko ba. Irin waɗannan mutane su ne muka taso muna gani suna dawowa daga Juma'a hannu cikin hannu, wannan ya raka wancan ƙofar gida, wancan ya ce, "Alhaji, mu je in taka maka," su sake komawa. Babu wanda ya taɓa kallonsu sau biyu. Can arewa da mu kuwa, a ƙasar Nijar, Bororo suna da al'adar habbanaye: mutum ya ba abokinsa aron saniya, ta yi ta haihuwa a garkensa, ya riƙe 'yan maruƙan, ya mayar da uwar. Makiyayi ba shi da abin da ya fi saniya, ita yake miƙa wa wanda yake ƙauna.

Wanda ya ce addini yake karewa da wannan ƙyamar, ya koma makaranta. Hadisi ya zo cewa wanda yake ƙaunar ɗan'uwansa ya gaya masa da baki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kama hannun Mu'azu ɗan Jabal ya rantse masa cewa yana ƙaunarsa, sannan ya koya masa addu'ar bayan salla. Cikin mutum bakwai da za su samu inuwa ranar da babu inuwa, akwai maza biyu da suka so juna don Allah, suka haɗu a kan haka suka rabu a kan haka. Da aka isa Madina, aikin farko-farko shi ne ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Wane saurayi ne yau a Gashuwa zai iya duban abokinsa ya ce masa wallahi ina ƙaunarka, majalisa ba ta fashe da dariya ba? Sunna ce muka mayar abin tsokana.

Magabatanmu na Sakkwato ba su san wannan kunya ba. Shehu Usmanu yana da amininsa Umaru Alkammu, wanda Muhammadu Bello ya auri 'yarsa A'isha. Bello kuma yana da Giɗaɗo ɗan Laima, amini kafin ya zama waziri, mijin Nana Asma'u. Da Bello ya rasu a 1837, Giɗaɗo ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan halayen abokinsa don kada a manta.

A wannan shekara ta 1837, can a wani gari mai suna Springfield a Amurka, wani matashin lauya ya shiga kanti yana tambayar kuɗin kayan shimfiɗa. Aka gaya masa dala 17, ya ce ba shi da su. Mai kantin, Joshua Speed, ya ce masa akwai babban gado a saman bene, ya zo su kwana tare. Kusan shekara huɗu suna raba gadon nan, kuma suka zama aminai har mutuwa ta raba. Lauyan shi ne Abraham Lincoln, wanda ya shugabanci ƙasar daga baya. A lokacin babu wanda ya ga abin magana, domin haka matafiya da ɗalibai da lauyoyi ke yi.

Tsofaffin littattafan Amurkawa sun adana wannan zamani. A Moby-Dick na Herman Melville, wanda ya fito a 1851, Ishmael ya sauka a wani masauki da ya cika, aka haɗa shi gado ɗaya da Queequeg, mutumin tsibiran teku mai zane a duk jiki. Daren farko tsoro ya kusa kashe shi. Kafin su bar garin sun sha taba a lofe ɗaya, Queequeg ya haɗa goshinsa da nasa, ya zazzage kuɗinsa ya raba biyu ya tura masa rabi. A ƙarshen labarin jirgin ruwan da suka shiga ya nitse da kowa, Ishmael kaɗai ya tsira, kuma abin da ya ɗauke shi a kan ruwa shi ne akwatin gawa da Queequeg ya sa aka ƙera masa lokacin da ya yi ciwo. A littafin Mark Twain na Huckleberry Finn, na 1884, Huck, yaro farar fata, da Jim, bawan da ya gudu, suna bin kogin Misisipi a kan gumagumai da aka ɗaure. An tarbiyyantar da yaron a kan cewa taimakon bawa ya gudu zunubi ne mai kai mutum wuta. Ya rubuta takardar tona asirin Jim, sai ya tuna yadda Jim ke karɓar masa gadin dare don ya yi barci, ya yayyaga takardar, ya zaɓi abokinsa duk da abin da ya yi imani zai same shi. Bahaushen da ya karanta wannan wuri ba ya neman a yi masa sharhi, ya san amana in ya gan ta.

Ba na ɗaukar littattafan nan a ka. Suna ɗauke da dattin wariyar launin fata na zamaninsu, kuma abotar da ke cikinsu ta gudu ce: maza biyu sun tsere wa gida da mata da gari, sun shiga teku ko daji. Namu amincin ya fi wannan lafiya, domin a tsakar gida yake zaune, matar mutum ta san aminin mijinta, shi take kai wa ƙara. Abin da nake so a gani shi ne su ma da haka suke, sannan suka rasa.

Yadda suka rasa shi ne darasin. A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka fara rarraba mutane gida-gida bisa sha'awarsu, shari'ar Oscar Wilde ta 1895 a Landan ta cika jaridu, tsoro ya shiga zukatan maza. Kowa ya fara ja da baya daga abokinsa don kada a zarge shi. Zuwa 1948, da wani manazarci mai suna Leslie Fiedler ya rubuta maƙala a kan Huck da Jim da Ishmael da Queequeg, ya gano gaskiya cewa ƙaunar namiji ga namiji ita ce zuciyar waɗannan littattafai, amma zamaninsa bai bar masa wani ma'auni ba sai na sha'awa, aka yi masa ca. A watan Afrilu na 2005 Shugaba Bush ya riƙe hannun Yarima Abdullah na Saudiyya a gonarsa ta Texas, masu barkwancin talabijin suka samu abin yi na kwanaki. Ga sakamakon: wani bincike na 2021 ya nuna maza 15 cikin 100 a Amurka ba su da aboki na kusa ko ɗaya, alhali a 1990 mutum 3 ne cikin 100. A 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba. Wannan idon zargi shi ne ya biyo finafinai da TikTok ya faɗo wayoyin 'ya'yanmu, mu kuma muka naɗa masa rawani muka ce kishin addini ne.

Za a ce mini ai ɓarna gaskiya ce, ana lalata yara maza, iyaye suna da hujjar tsoro. Haka ne, kuma duk babban da ya ci zarafin yaro a kai shi gaban alƙali, kada a rufa don kunyar dangi. Amma wa zargin abokai ya taɓa kamawa? Mai lalata yara ba ya yawo da su hannu cikin hannu a kasuwa, ɓoyewa yake yi, sau da yawa ma a bayan mutunci da kyauta. Yaron da aka cuta, in ya buɗe baki, ga aboki yake fara buɗewa, ai abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. In ka raba shi da wannan abokin ka taimaki azzalumi. Kuma addinin da ake fakewa da shi ya hana zato, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya tsananta a kan ƙazafi. Sunan saurayi nawa aka ɓata a unguwa da ƙifta ido kawai, ba shaida ba hujja? Zato kamar kacala yake a fadamun Haɗeja da Nguru: da kaɗan-kaɗan yake tsirowa, kafin a farga ya toshe hanyar ruwa, gona da masunta duk su ji a jikinsu.

Mu a wannan yanki mun fi kowa sanin ranar amini. Shekaru ke nan ciwon ƙoda yana cin mutane a Gashuwa da kewayen ƙasar Bade, masana suna ta binciken musabbabinsa. Wanda abin ya kai shi ga wankin ƙoda, sau da yawa tafiya ce ta kama shi, Damaturu ko Maiduguri ko Kano, mako bayan mako. Matarsa tana gida da yara. 'Yan'uwa suna yin iya yinsu, wasu su gaji. Wanda ke rufe shagonsa ya shiga mota da shi, ya tallafe kansa a kafaɗa in jiri ya ɗebe shi, ya kwana a tabarma a barandar asibiti, ya ba da jininsa, ya sayar da ragonsa bai gaya wa kowa ba, sau da yawa abokin ƙuruciya ne. Irin wannan mutum ba a samunsa ranar ciwo. Shekara talatin ake yi ana gina shi, tun daga makarantar allo, da kwano ɗaya da bargo ɗaya lokacin hunturu, da faɗa da shiri, da faɗin abin da ke zuci ba tare da tsoron dariya ba.

Don haka ina roƙon limamanmu na Juma'a a Nguru da Gashuwa su ware huɗuba guda a kan ƙauna don Allah tsakanin maza, su karanta hadisin Mu'azu yadda ya zo, har da kama hannun. Malaman Islamiyya da na boko su tsawata wa yaron da ya jefi abokan ajinsa da mummunan suna kamar yadda za su tsawata wa ɓarawo. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma su ɗauki rikoda su zauna da tsofaffin fatake da masunta da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka rage, su tambaye su su wane ne aminansu, da abin da suka yi wa juna.