Dashen Haƙori A Yini Guda: A Yi Bincike Kafin A Ɗauko Tsoho Daga Gida

Duk wanda ya bar iyaye a Zonkwa ko Kafanchan ya gangaro Kudu neman abinci ya san irin abin da ya kan tarar in ya koma ganin gida a ƙarshen shekara. Tsohon da a da ya ke fasa rake da haƙori, yanzu an kawo masa tsire ya ture, ya ce shi dai a dama masa kunu ko a yi masa faten acca. Tsohuwa kuwa in za ta yi dariya sai ta kai gefen zane bakinta. Giɓi ya yi yawa, tauna ta gagara, jiki kuma ya soma ramewa.

To, ga shi a Ikko da Badun da Fatakwal ana ta tallar wani aiki, wai mutum ya shiga asibiti da safe da giɓinsa, ya fito da yamma da haƙora reras. Ɗa na kirki in ya ji wannan, sai zuciyarsa ta raya masa ya aika da kuɗin mota a kawo tsoho, a dasa masa, ya kwana biyu ya koma gida. Niyyar mai kyau ce, amma tilas ne mai ita ya san abin da zai saya tukuna.

Shi dashen haƙori ba ƙarya ba ne, ba kuma tsibbu ba ne. Wani likita mutumin ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya lura a 1952 cewa in aka sa ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin zomo, ƙashin ya kan kama shi kam har ba ya ciruwa. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gothenburg, mutumin kuwa ya yi ta tauna da haƙoran nan har shekara 40. Yadda a ke yi shi ne, a huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura wata 'yar ƙusa mai zare ta zauna a madadin saiwar haƙori, sa'an nan a kafa haƙorin a kanta. A tsarin farko sai an jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ƙusar kafin a ɗora mata nauyi. Daga baya likitoci suka gano cewa ga waɗansu mutane ana iya ɗora haƙorin a ranar. A 1998 wani likita a Lisbon ta ƙasar Fotugal, Paulo Maló, ya soma kafa jerin haƙoran muƙamuƙi guda a kan ƙusa 4 kacal.

Abin da masu talla ba su cika faɗi ba shi ne, haƙorin da a ke sa wa mutum a ranar na wucin gadi ne. Ƙashi bai san gaggawa ba, watanninsa na kamawa suna nan yadda su ke. A cikin wannan lokaci mai haƙorin zai yi makonni yana cin abinci mai laushi, zai riƙa komawa likita yana dubawa, sai ƙashi ya kama sa'an nan a cire na wucin gadin a sa na dindindin. Watau dai yini gudan nan mafarin aiki ne kawai.

Har wa yau ba kowane baki ne ya dace da shi ba. Da zarar haƙori ya fita, ƙashin wurin ya kan soma zaizayewa, musamman a watannin farko. Tsohon da ya shekara goma da giɓi, mai yiwuwa ne ƙashin da ya rage masa ba zai riƙe ƙusa ba sai an yi masa ƙari, wannan kuwa wani aiki ne dabam da kuɗinsa da watanninsa. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da mai shan taba, da mai ciwon dasashi, duk dashensu ya fi saurin lalacewa. Yaron da bai gama girma ba ma ba a yi masa.

A nan ne maganar Zonkwa ta shigo. Daga Ikko zuwa can tafiyar yini guda ce cur a mota. In tsoho ya koma gida, bayan mako uku ƙusa ta soma girgiɗi ko dasashi ya kumbura ya tara ruwa, wa zai duba shi? Masu wannan aiki a manyan birane su ke, kamar Kaduna da Jos da Abuja. Ƙusoshin kuma iri-iri ne, kowane kamfani da nasa kayan kwancewa, saboda haka ba lalle ne likitan da bai dasa ba ya iya gyarawa. Kuɗin haƙori guda ya kan kai dubban ɗaruruwan Naira, inshorar lafiya ta Gwamnati kuwa ba ta biyan dashe. In aikin ya ɓaci, kuɗi sun tafi, ƙashin da ya rage ma ya ƙara cinyewa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wani zai ce ai haƙorin roba da a ke cirewa da dare wahala ne, yana motsi a baki, yana ƙuje dasashi, dashe kuwa ya fi shi ƙarfi da daɗin tauna. Wannan gaskiya ne, kuma wanda Allah ya hore wa, likita ya auna shi ya ga ya dace, babu dalilin da zai hana shi. Amma haƙorin roba da gwani ya auna ya ƙera yana mayar wa tsoho da taunarsa da fara'arsa a kan kuɗi kaɗan, in ya karye kuma gyaransa bai kai na dashe wuya ba. Ga mutumin da zai zauna nesa da likitansa, wannan abin dubawa ne ƙwarai.

Saboda haka wanda ya ƙudura yi wa mahaifinsa dashe, ya fara kai shi a auna sukarinsa da jininsa, a ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙinsa. Ya tabbata likitan yana da rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Ya tambaya ko kuɗin da aka yanka ya haɗa da haƙorin dindindin, da sau nawa za a komo, da wanda zai ɗauki hasara in ƙusa ba ta kama ba. Ya karɓi takarda mai sunan irin ƙusar da aka sa. In kuwa tsoho ba zai iya zama a Kudu ba har aiki ya kammala, to, a nemi inda ya fi kusa da gida a yi a can. Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi bai cancanci a miƙa masa bakin uba ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan duka muhimmanci, watau haƙoran da suka rage. Baligi yana da haƙora 32, yawancin waɗanda a ke rasawa kuwa kogo ne da ciwon dasashi ke cinye su a hankali, alhali da an je da wuri da an cike kogon an wanke dattin. Maimakon haka sai a ɗiga ruwan batir a kogo, ko a je wurin mai cire "tsutsar haƙori" a kasuwa, wanda ke fizge haƙori da ƙarfen da bai dafa ba, ya bar guntun saiwa a ciki, wani lokaci har ya sa wa mutum ciwon hanta. Kuɗin dashen haƙori guda sun isa a duba bakin mutanen gida ɗaya gaba ɗaya, a kuma saya musu buroshi da man goge baki na shekaru. Asuwaki ma yana aiki in an yi shi safe da dare.

Tun 1966 Jami'ar Ikko ta soma koyar da likitocin haƙori, amma har yau galibinsu a birane su ke. Mutanen Kudancin Kaduna kuwa tun da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratsa Kafanchan a wajen 1927 su ke gangarowa Kudu, suna da ƙungiyoyin gari masu tara kuɗi a gina makaranta ko a haƙa rijiya a gida. Zonkwa ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, tana da asibitin mishan na St. Louis mai daɗaɗɗen tarihi, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar da babban asibitin Kafanchan nata. Ya kamata ƙungiyoyin nan su sa maganar haƙori cikin abin da za su tattauna a taronsu na ƙarshen shekara. Su nemi a ƙarfafa sashen haƙori a Kafanchan da ma'aikata da kayan aiki, su ɗauki nauyin likita ya riƙa zagaya Zonkwa da ƙauyukanta a ranakun kasuwa, su kuma biya wa 'ya'yansu masu ƙwazo kuɗin koyon ƙera haƙori da sharaɗin su komo gida su yi aiki.

In aka yi haka, tsoho zai sami mai duba shi kusa da gida, ɗansa kuma ba zai zubar da guminsa na shekara a kan talla ba. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya, ya sa albarka a neman 'ya'yansu.