Filin Uwargida: Daga Kwatar Ƙofar Gida Zuwa Randar Ɗaki

  

A cikin wasiƙun da suka zo mini wannan watan akwai guda ɗaya da sai da na karanta ta sau uku. Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga cikin birnin Kano, ta roƙe ni kada in ambaci sunanta ko na unguwarsu. Gidan haya suke, ɗaki 8, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Ta ce matar gidan da ke sama da su kullum da safe sai ta juye fo ɗin yaranta a kwata, ta bi shi da ruwan wanki. Kwatar kuwa ta toshe tun ruwan farko, da an yi ruwa sai ta tumbatsa ta biyo musu zaure har tsakar gida, inda rijiyar take. Yaranta biyu sun yi gudawa a cikin mako guda. Maigidanta ya ce ta yi shiru, shi ba ya son fitina da maƙwabta. To ta yi magana ne ko ta haƙura?

'Yar'uwa, ki yi magana. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba a yin sa da ran yara. Yadda za ki yi maganar zan zo kansa, amma bari mu fara duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarmu, don da yawanmu muna ganin abin da ke cikin katangarmu shi kaɗai ne namu.

Masana lafiya sun ce ya kamata a sami tazarar kamar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. To ki tsaya ki yi lissafi da ni. Fulotin nan da ake ce wa hamsin da ɗari, faɗinsa ƙafa 50 ne, wato kamar mita 15, tsawonsa kuma kamar mita 30. Wannan fa cikakken fuloti ke nan. Ina ga gidajen cikin gari da aka raba gado sau uku, da na awon igiya da ake yanka fuloti ɗaya gida biyu ko huɗu? Ko da maigidanki ya yi dabara ya haƙa rijiya a wannan kusurwa, shadda a waccan, ai bai san me ke bayan katanga ba. Sau da yawa rijiyarku da shaddar maƙwabta bulo ɗaya ne ya raba su. Da rani ƙasa ta bushe, ruwa ya yi nisa, abin da sauƙi. Da damina kuwa ruwan ƙasa yana tasowa, kin ga rijiyar da kike zura guga gaba goma ta dawo kina kusan ɗiba da hannu, har kina murna. Wannan ruwan da ya taso shi ne dai ya taso a cikin shaddar. Ƙasa ba ta san katanga ba.

Don haka ni a ganina duk ruwan rijiyar cikin gari, daga watan Yuni zuwa Oktoba, ki ɗauke shi ruwan wanki da wanka ne, sai an gyara shi kafin ya shiga bakin kowa. Haka nan na 'yan garuwa. Ba cin zarafinsu nake yi ba, bayin Allah ne masu neman halak ɗinsu, kuma da babu su da rabin Kano ya kwana da ƙishi. Amma ki tambayi mai kawo miki ruwa a ina yake ɗibowa, ki kuma leƙa cikin jarkar tasa. In kin ga ta yi kore daga ciki, to kin san amsar.

Nan ne ake yawan yin kuskure da alimun. Mata da yawa in ruwa ya zo da jirwaye sai a jefa alimun, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau kamar hawaye, a ce shi ke nan. Alimun kwantar da datti yake yi kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan ya kwanta sai ki tsiyaye na saman, sannan ki tafasa shi, tafasa ta gaske mai ɓulɓula ta kamar minti ɗaya, ba ki ga tururi ki sauke ba. Na san gawayi da gas sun yi tsada, ba sai an gaya mini ba. In tafasawa ta gagara akwai maganin ruwa na kulorin da ake sayarwa a kemis, na ruwa irin su WaterGuard ko ƙwaya irin su Aquatabs. Ki bi awon da aka rubuta a jiki, kada ki ƙara don son tsafta, ki rufe ki jira minti 30 kafin a sha. Yara za su ce yana warin asibiti. Bar shi ya kwana a rufe, warin yana raguwa.

Sai randa. Ina son randa, babu firjin da ya kai ta daɗin ruwa, musamman in an turara ta da jema. Amma ki zauna yini guda ki ƙirga hannu nawa ne ke shiga cikinta. Yaro ya fito daga wasan ƙasa ya zura moɗa har gwiwar hannu, almajirin gida ya zura, baƙuwa ta zura, moɗar ta faɗi ƙasa a ɗauke a mayar. Ruwan da kika ƙona gawayi kika tafasa ya koma inda ya fito. Ki sami moɗa mai dogon mariƙi ki rataye ta a ƙusa, a riƙa ɗiba da ita ana zubawa a kofi, kada kowa ya kafa mata baki. Ko kuma na sha ya zauna a jarka mai murfi ko bokiti mai famfo. Rijiya ita ma guga ɗaya za a ware mata, a rataye shi, ba kowace mata ta zo da nata wanda ya kwana a ƙasa kusa da makwarara ba. A ɗaga bakin rijiyar da bulo, a yi mata murfi. Wannan aikin mai gidan haya ne, kuma ba alfarma zai yi muku ba.

Tsofaffinmu suna ba da labarin duba-gari, waɗanda suke shiga gida-gida su leƙa randa, su duba shadda, in sun ga 'ya'yan sauro suna iyo a ruwa a ci maigida tara. Ana jin sun shigo lungu mata sai su hau kifar da ruwa da shara. Muna yi musu dariya yanzu, amma ni dai da za a dawo mini da su da na dafa musu shayi.

Kada wata ta ce ina tsoratarwa. A shekarar 1991 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta kama mutum kusan 60,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 7,000. A 1996 Kano ta ga tata, ga kwalara ga ƙyanda ga sanƙarau a shekara guda, waɗanda suka yi jinya a asibitin zana a lokacin ba su manta ba. A 2021, hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu. Fiye da rabin waɗanda suka kamu daga jihohi huɗu suke: Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. Kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 su suka fi kamuwa, wato masu ɗebo mana ruwa, masu tsallake kwata su je aike.

Ita wannan cuta ta baki take shiga, daga bayan gidan mai ɗauke da ita zuwa ruwa ko abincin wani. Kuma mutum zai iya ɗauke da ita yana yawo garau bai sani ba. Shi ya sa maganar da muke yi cewa kashin yaro ba komai ba ne take ba ni tsoro. Komai ne. Fo a shadda ake juye shi, a wanke shi a can. Famfas kuma a ƙulle shi a leda a kai bola, ba a jefa a kwata ba, don shi da ledar fiya wata su ne sarakan toshe magudana.

In har ta shigo gida, Allah ya kiyaye, alamarta ba ta ɓuya: gudawa tsululu, fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa, sau da yawa ba ciwon ciki ba zazzaɓi, ga amai. Nan da nan ido ya faɗa, in kin ja fatar ciki ta tsaya ba ta koma ba. Ƙaton mutum zai iya tafiya a cikin sa'o'i kaɗan, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Don haka masu cewa a hana shi ruwa don gudawar ta tsaya, kabari suke haƙa masa ba su sani ba. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari tun kafin a nemo mai adaidaita sahu. In kina da ƙunshin ORS na kemis shi ya fi, ki bi abin da aka rubuta a jiki. In babu, ki sami ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe na ce, ba a tule ba. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye, don gishiri in ya yi yawa illa ne ga yaro. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali. Mai shekara 2 zuwa 10 rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya shansa. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Mai shan nono kada a cire shi. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kuma wannan duk a kan hanyar asibiti ake yi, ba a madadinsa ba. Ban da aika yaro kemis a haɗo Flagyl da jan kafso a zauna ana jiran ikon Allah. A asibiti ki tambayi ƙwayar zinc ta yara, ana sha kwana 10 zuwa 14, ko gudawar ta tsaya a ƙarasa.

Sannan don Allah a daina ɓoyewa. Kunyar kada a ce gidan wane an yi amai da gudawa ta sa an rasa mutane da yawa. In ta faru a gidanki, aika ki gaya wa maƙwabta su kula da ruwansu.

To mu koma kan maƙwabciyarki. Abu na farko, ban da magana ta kan katanga, ban da habaici in kina shara, ban da aika yaro ya ce "in ji mamata". Waɗannan uku su ne ke mai da maganar kwata ta zama gaba ta shekara goma, har a hana yara gaisawa. Ki yi wanka, ki sa mayafinki, ki nemi izinin maigida ki shiga gidanta da hantsi lokacin da aiki ya lafa. Ku gaisa sosai, ki tambayi yara. In ta girme ki sai ki ce, "Yaya, wata shawara na kawo. Kin ga yaran nan nawa biyu da suka kwanta, malamar asibiti ta ce daga ruwa ne. Na duba na ga kwatar nan tamu in ta cika har bakin rijiyarmu take zuwa. Ya kike ganin za mu yi, kada abin ya zo kan naki su ma?" Kin ga kwatar ta zama tamu, ba taki ba. Mai hankali za ta gane inda aka dosa ba sai kin ambaci fo ba. Wata ma ba mugunta ba ce, shaddarsu ce ta cika mai gidan ya ƙi kiran masu kwasa, ita kuma ta rasa yadda za ta yi.

In kin je sau biyu ba ta canza ba, magana ta koma hannun maza. A nan zan ɗan juya ga maigidan naki, tunda na san maza suna leƙa wannan fili ko da ba sa faɗa. Malam, kana zama da maƙwabcin nan naka a dakali kullum bayan magariba, kuna tattauna siyasar Abuja da ƙwallon Ingila. Minti biyu a kan kwatar da ke ƙarƙashin dakalin ba zai ɓata zumunci ba. In ya gagara, mai unguwa yana nan, aikinsa ke nan, kuma kai masa magana ba ƙara ba ce.

Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana fita da safe a Kano don tsaftar muhalli ta samo asali ne tun yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984. Yau ta zama ranar rama barci. Layin da ya haɗa kai, kowane gida ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, a sayi shebur biyu da manjagara, samari su yashe kwata daga sama har inda ta faɗa babbar magudana. Daga sama har ƙasa fa, don in kin gyara ta ƙofarki kawai, ta gaba tana toshe, ruwan dawo miki zai yi. Mu mata muna iya ware ɗan wani abu daga adashin layi don kuɗin kunu da ƙosan masu aiki. Amma ga inda ake ɓata rawa da tsalle: a kwaso baƙar laka a tula a bakin kwatar a tafi, yara su tattaka, kaji su tona, ruwan daren ranar ya mayar da ita inda ta fito. Kafin a sa shebur a fara shirya mai baro ko mai kura da zai kwashe ta a ranar.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata amarya da maƙwabta suka mai da injin markaɗenta na unguwa. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.