Kuɗin intanet: Wa ke riƙe da akalar kuɗi?

A farkon shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya janye tsofaffin takardun naira, manoma a yankunan Dambatta da Bichi da Kunchi sun riƙa karyar da hatsi da dabbobi ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Irin wannan ne masu goyon bayan Bitcoin ke kafa hujja da shi. Tun a 1976 masanin tattalin arziki Friedrich Hayek ya nemi a raba gwamnatoci da ikon buga kuɗi su kaɗai, a bar kasuwa ta yi halinta. Bitcoin, wanda ya ɓullo a 2009, ba zai wuce guda miliyan 21 ba, kuma babu hukumar da za ta iya ƙara yawansa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Wuri, wanda jam'insa ne kalmar kuɗi, ba wani sarki ne ya ƙera shi ba; fatake ne ke kawo shi. Turawan mulkin mallaka sun hana shigo da shi a 1904, suka kuma matsa a biya haraji da sulallansu, har ya mutu.

Kusan dabarar ce hukumomi suka sake ɗaukowa. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin intanet, sannan aka ƙaddamar da eNaira, wadda ba ta samu karɓuwa ba. An ɗage haramcin a Disamban 2023, amma watanni biyu bayan haka aka tsare jami'an kamfanin Binance biyu a Abuja, yayin da dala ta haura naira 1,500. A 2025 kuma wata sabuwar doka ta sanya harkar ƙarƙashin hukumar SEC.

Gwamnati dai ba ta iya kashe Bitcoin ba, amma tana tsaye a ƙofar da ake mayar da shi naira. Matashin ƙauye da ya kwana yana danna waya a wasan Hamster Kombat a 2024, in ya samu wani abu, sai ya bi ta asusun banki kafin ya sayi buhun taki, domin dillalan Dawanau naira suke karɓa.

Malamai ma har yanzu bakinsu bai zo ɗaya ba kan halaccin cinikin.