Zancen Asusu: Kafin mu zuba kuɗin ƙungiya a gonar citta



A zamanmu na makon jiya, bayan an gama zubi an kulle akwati, wata daga cikinmu ta kawo shawara: tunda citta ta yi tsada haka, me zai hana mu ɗebi kuɗin asusu, mu kama fili a fadama, mu noma abarmu? Hannuwa da yawa sun tashi. Ni ma, wallahi, zuciyata ta ɗan motsa, don ina cikin masu haɗa lemun citta na sayarwa, na kuma san abin da nake biya yanzu kafin in cika kwano guda.

To amma mu fara duba inda tsadar ta samo asali. Cittar da muke saya, mafi yawanta daga kudancin jihar Kaduna take, wajen Kaciya, Kagarko, Jaba da Kafancan, ta biyo Sakkwato ta shigo Konni ta Illelar Najeriya. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin can: ganye ya yi ɗorawa ya bushe, saiwar ta ruɓe a ƙasa tun ba a kai ga haƙa ba. Gwamnatin Najeriya da bakinta ta ce asarar ta kai naira biliyan 12. Mutanen nan fa ba baƙin citta ba ne, a cikinta suka tashi.

Me ya sa cutar ta yi musu wannan cin? Citta ba a shuka ta da ƙwaya kamar hatsi, gutsuren saiwar ake binnewa. In irin na ɗauke da cuta, da shi za ta bi daga gona zuwa gona. Kuma shekara da shekaru iri biyu suke juyawa, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Samar da iri mai tsabta, ko wanda ke jure cuta, aikin masu bincike ne, yana cin shekaru, yana cin kuɗi. Najeriya na da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa a Umudike, tana da reshe a jihar Kaduna saboda citta. A 2024 gwamnati ta ware naira biliyan 1.6 don tayar da manoman. Madalla, sai dai ni a ganina da an zuba ko da wani ɓangare na kuɗin nan a bincike tun da wuri, da kukan bai kai haka ba.

Yanzu mu dawo gida Badaguishiri. Citta na son wata takwas zuwa tara a ƙasa, da laima ba yankewa, da ɗan inuwa. Mu daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, ruwan da muke samu bai kai rabin na Kaciya ba. Sauran watannin sai ban-ruwa da inji. Wa zai sayi man? Asusunmu kuwa shekara na zagayowa a raba, kowace na jiran nata don sallah, ko aurar da ɗiya, ko abincin bazara.

Ban ce citta ba za ta taɓa yi a nan ba. Albasar Galmi da muke tinƙaho da ita, wadda ake lodi har Abijan da Ankara, manomanmu ne suka riƙe ta, masu bincike kuma suka tace irin. INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, tun 1975 take, tana da tasha a Konni. Gwajin citta aikinsu ne, da kuɗin gwamnati ko na masu ba da tallafi. In gwaji ya faɗi a hannunsu, sun ƙaru da sani. In ya faɗi a hannunmu, zubin mata talatin ne ya tafi.

Abin da nake ba da shawara: mu haɗu da sauran ƙungiyoyi mu rubuta takarda, ta hannun malamin gona da magajin gari, mu nemi a yi gwajin a fadamarmu. Mu ba da ɗan fili da hannu, su kawo iri da mai, a rubuta wa zai ɗauki asara. Wadda ke ɗoki, ta binne ƴan gutsattsari a tsohon buhu ƙarƙashin bishiya a gida, da kuɗin aljihunta.

Kuɗin asusu kuwa, in dai citta muke so, busasshiya ba ta saurin lalacewa. Daga wajen Nuwamba sabuwa ke fara fitowa. Mu saya a lokacin, mu ajiye inda ba laima, mu daka yaji, musamman na masu jego da ba ya kwantai. Ranar zubi mai zuwa kowace ta zo da farashin tiya na kasuwar da ta ci, mu kwatanta.