Zauren 'Yan Mata: Ba Ƙarfin Fitila Ba Ne

Da hunturun bara muna dawowa daga kai amarya cikin dare, Yayana sai alfahari yake da fitilun LED da ya ƙara wa motarsa. Muna shiga hazo hasken ya dawo mana a ido, fari fat. Wallahi saura ƙiris mu hau kan amalanke!

Ashe fitilun iri-iri ne. Tasa mai tsinin haske ce kamar cocila, ta miƙaƙƙiyar hanyar da ba kowa. Mai baza haske ta kwana-kwana ce da tafiyar sannu. Ta hazo kuwa a ƙasa ake ɗaura ta, haskenta da faɗi, yana bin kwalta.

Ƙanwata, kafin tafiyar dare ki tambayi Yayanki wacce ya saka. Kunya ba ta kai ranki ba.

Sai wata fitowar.